Garantin Mota da Kayan Kasuwa: Tarihin Jayayyar Kamfani da Mai Mota a Amurka

Garantin mota alkawari ne da kamfanin da ya ƙera ta yake ɗauka a rubuce, cewa idan wani abu ya lalace a jikinta saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin kayan da aka yi ta da su, zai gyara ko ya sauya ba tare da mai motar ya biya ko sisi ba, muddin ba a wuce wa'adin da aka yanka ba, na watanni ko na nisan tafiya. Kayan kasuwa kuwa su ne duk abin da aka ɗaura wa mota bayan ta bar masana'anta, wanda ba kamfaninta ne ya yi shi ba. Wasu na maye gurbi ne, kamar fulogi da matatar mai da takalmin birki. Wasu na ƙawa ne, kamar wili da fitilu da kayan sauti. Wasu kuma ana sa su ne don a sauya halin motar kanta: a ƙara wa inji ƙarfi, ko a ɗaga ta sama, ko a buɗe mata salansa. Inda garanti da irin waɗannan kaya suka haɗu, nan rigima take. Mai mota yana ganin abin da ya saya da guminsa nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Kamfani kuma yana cewa bai taɓa alkawarin ɗaukar nauyin aikin hannun wani ba. Kowanensu da gaskiyarsa. Ƙasar da aka fi daɗewa ana wannan jayayya, har ta kai gaban kotuna da majalisa, ita ce Amurka, kuma tarihinta a can ya haura shekara ɗari.

Sana'ar kayan kasuwa ta yi girma ne a gindin mota guda, Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908, aka daina ƙerawa a 1927 bayan an fitar da sama da miliyan 15. Henry Ford ya yi ta ne don talaka ya iya saye, saboda haka ya tsame mata duk abin da yake ganin ba dole ba ne. Ba ta da allurar da ke nuna yawan mai, sai direba ya ɗaga kujera ya zura sanda a tanki. Giyar gaba biyu ce kacal. Kafin 1919 kuwa da hannu ake murɗa ta ta tashi. Kowane giɓi da Ford ya bari, sai aka sami mai cike shi. Kamfanin Hassler ya yi shakazoba, Stewart ya yi maleji, Ruckstell ya yi wani gatarin baya mai giya biyu da ke taimaka wa motar hawan tudu, Rajo da Frontenac kuma suka yi kan inji da ke ƙara mata gudu. Shagon Western Auto, wanda aka kafa a Kansas City a 1909, da irin waɗannan kaya ya yi arziki, yana aika wa mutanen karkara ta gidan waya.

Manoma ne suka fi kowa yi wa motar kaca-kaca. Sukan ɗaga ƙafarta ta baya, su ɗaura bel a jikin wili, su juya injin niƙa ko zarto ko famfon ruwa. Akwai kamfanonin da suka riƙa sayar da ƙarafan da ake maida ita tarakta ko akori-kura. Motar da aka yi don ɗaukar mutum biyar sai ga ta tana jan garma a gona, inji yana zafi, giya tana ci, in ta karye kuma a kawo ta wurin dillali a ce garanti. Ford bai ji daɗin haka ba. Ya riƙa gargaɗin dillalansa a kan irin wannan sauyi, ya kuma ɗaura ɗamarar tallata kayan gyaransa da sunan su ne na ainihi, sauran duk jabu. Amma ko a lokacin bai iya rufe ƙofa gaba ɗaya ba: gatarin Ruckstell ya yi kyau har Ford ya amince dillalansa su sayar da shi.

Garantin wannan zamani gajere ne ƙwarai. Ƙungiyar kamfanonin ƙera motoci ta tsara takarda iri ɗaya da kusan kowa ke amfani da ita, mai wa'adin kwana 90, daga baya aka ƙara da cewa ko mil 4,000, duk wanda ya riga cika. Abin da aka yi alkawari shi ne sauya ƙarfen da ya lalace kawai, bayan mai mota ya biya kuɗin aika shi masana'anta, kamfani ya duba ya gamsu da kansa cewa laifinsa ne. A ƙasan takardar akwai sharaɗin da shi ne tushen wannan tarihi duka: garanti ba ya aiki a kan motar da aka gyara ko aka sauya wa wani abu a wajen garejin da kamfani ya amince da shi, idan a ganin kamfani sauyin ya taɓa lafiyarta. Kamfani ke da wuƙa da nama. Shi ake ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali.

Kotuna sun fara taɓa wannan iko daga wani ɓangare dabam. A 1916 babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a shari'ar MacPherson da kamfanin Buick, inda ƙafar mota ta katako ta ruguje ana cikin tafiya, mai motar ya ji rauni. Buick ya kare kansa da hujja biyu: ba shi ya sayar wa mutumin motar ba, dillali ne, kuma ba shi ya ƙera ƙafar ba, sayo ta ya yi daga wani kamfani. Alƙali Benjamin Cardozo ya ƙi karɓar ko ɗaya. Wanda ya haɗa mota ya sa mata sunansa, a cewar hukuncin, wajibi ne ya bincika kayan da ya sa. Shari'ar ta tona wani abu da tallace-tallace ke rufewa, wanda har yau gaskiya ne: da yawa daga cikin kayan da ake kira na kamfani, wasu masana'antu ne ke yin su, kuma sau da yawa masana'antar da ta yi wa kamfani ita ce ke zuba irinsa a kasuwa cikin wani kwali. Sai dai a fagen ciniki kamfanoni sun ci gaba da rinjaye. A 1936 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar kamfanin Pick da General Motors, ta bar sharaɗin da ya hana dillalan Chevrolet da Buick yin gyara da kayan da General Motors bai amince da su ba.

A daidai wannan lokaci wata al'ada tana tasowa a kudancin Kalifoniya. Samari kan sayi tsofaffin motocin Ford, musamman masu injin V8 da ya fito a 1932, su cire musu duk wani nauyi, su ƙara kafireto, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. Sun kafa ƙungiyar auna gudu a 1937. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da su, amma ya dawo da su da ilimin inji da suka koya a soja. Vic Edelbrock, wanda bakanike ne mai gareji a Los Angeles, ya fara ƙera bututun shigar da mai da iska don motarsa, ya wayi gari da kamfani. Mujallar Hot Rod ta fito a Janairun 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA a 1951, kuma a 1963 masu ƙera kayan ƙara gudu suka haɗu suka kafa ƙungiyar SEMA, da Ed Iskenderian a matsayin shugabanta na farko. Baje kolinsu na farko a 1967 a ƙarƙashin kujerun filin wasa na Dodger aka yi shi. Tun 1977 a Las Vegas ake yinsa, kuma yana cikin manyan tarukan kayan mota na duniya. Muhimmancin ƙungiyar a nan shi ne, daga ranar da aka kafa ta kayan kasuwa suka sami baki a majalisa da lauyoyi a kotu.

Su waɗannan samari garanti bai dame su ba, don motocinsu sun daɗe da wuce kwana 90. Abin da ya sauya lissafi shi ne tsawaita wa'adin, kuma hakan ya faru ne cikin shekara uku. A 1960 babbar kotun New Jersey ta yanke hukunci a shari'ar Henningsen da Bloomfield Motors. Wani mutum ya saya wa matarsa sabuwar Plymouth a 1955. Kwana goma bayan karɓarta, ba ta cika mil 500 ba, sitiyari ya ƙwace, ta daki bango. Chrysler, kamfanin da ya ƙera motar, ya nuna takardar garanti, wadda ta taƙaita nauyinsa ga sauya ƙarfe. Kotu ta ce takardar da duk kamfanoni suka haɗa baki a kanta, mai saye ba shi da inda zai je ya sami wata, ba yarjejeniya ba ce tsakanin tsara da tsara, ta kuma soke wannan sharaɗi. A ƙarshen shekarar Ford ya maida garantinsa wata 12 ko mil 12,000, sauran suka bi. Sai Chrysler ya zarce kowa a motocin 1963 da shekara 5 ko mil 50,000 a kan inji da giya.

Dogon garanti ya zo da dogon sharaɗi. Chrysler ya buƙaci a yi juye duk wata uku ko mil 4,000, a kuma kai shaidar hakan wurin dillali duk wata shida ya sa hannu. Ta haka garanti ya tashi daga alkawari ya zama igiya, wadda ke ɗaure mai mota da garejin dillali tsawon shekaru. Ga bakanike mai zaman kansa da mai shagon kayan gyara, wannan barazana ce ga tuwonsu. Ga kamfanonin ma abin bai zo da sauƙi ba, domin a shekarun nan ne suke sayar da motoci masu manyan injina ga samarin da ke kai su filin tsere ranar Lahadi, su kawo su da karyayyiyar giya ranar Litinin. Shi ya sa Chrysler bai bai wa motocinsa masu injin 426 Hemi cikakken wa'adin shekara biyar ba. Ƙorafi ya yi yawa daga kowane ɓangare. Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, FTC, ta binciki garantin motoci, ta fitar da rahoton ma'aikatanta a 1968 da nata a 1970, duka biyun suna nuna cewa abin da ake alkawari da abin da ake cikawa sun yi hannun riga. Zuwa farkon shekarun 1970 kamfanonin sun janye dogon wa'adin, sun koma wata 12.

Daga wannan yanayi dokar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fage ta fito. Sanata Warren Magnuson na jihar Washington da ɗan majalisar wakilai John Moss na Kalifoniya ne suka ɗauki nauyinta, Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu ranar 4 ga Janairu, 1975, kuma da sunansu ake kiranta, Dokar Magnuson-Moss. Ba ta motoci kaɗai ba ce. Ta shafi duk kayan masarufi da ake sayarwa da garanti a rubuce, daga firji har agogo. Ba ta tilasta wa kowa ya ba da garanti ba, ba ta kuma yanka masa wa'adi ba. Abin da ta ce shi ne, wanda ya bayar dole ya rubuta shi da harshen da mutum zai gane, ya bayyana ko cikakke ne ko taƙaitacce, ya bari mai saye ya gani kafin ya biya. Ta kuma ba kotu damar sa kamfani ya biya kuɗin lauyan mai ƙara idan mai ƙarar ya yi nasara, abin da ya sa talaka zai iya samun mai tsaya masa a kan gyaran da bai kai kuɗin shari'a ba.

Sashe na 102(c) shi ne ya shafi kayan kasuwa kai tsaye. Ya hana kamfani ya ɗaura garantinsa a kan sai an yi amfani da wani kaya ko wani aiki mai ɗauke da sunan wani kamfani. Hanya biyu kawai aka bari: ko kamfani ya ba da kayan ko aikin kyauta, ko ya je FTC ya tabbatar mata cewa abin da ya ƙera ba zai yi aiki daidai ba sai da wannan kaya, ta ba shi izini. Ke nan kamfani ba shi da ikon cewa sai man juyensa, ko sai matatarsa, ko sai garejin dillalinsa, in dai mai mota ne ke biya. A bayanin da FTC ta yi wa dokar a 1977 ta ƙara fayyace iyakar: kamfani yana da damar ƙin biyan ɓarnar da wani kaya ko wani bakanike ya jawo, amma shi ne zai nuna cewa wannan kayan ko wannan aikin ne ya jawo ta.

A nan ne tambayar ta juya baki ɗaya. Da, abin da ake tambaya shi ne ko an taɓa motar. Yanzu abin tambaya shi ne ko abin da aka taɓa shi ne ya kawo lalacewar. Wanda ya sa wa motarsa sabon salansa, daga baya injin ɗaga gilashi ya mutu, garantinsa na gilashi yana nan, don babu abin da ya haɗa su. Wanda ya ɗaga motarsa ya sa mata manyan tayoyi, daga baya boris ɗin ƙafa ko gatari ya ci, da wuya ya sami biya, don nauyin da ya ɗora musu ba shi aka auna ba. Wanda ya yanke waya ya jona kayan sauti har wutar mota ta rikice, nasa ne. Shi kansa kayan da aka sa, garantin mota bai taɓa rufe shi ba. Wanda ya ƙera shi ne zai ba da nasa. Saboda haka maganar da ake yawan yi, cewa abu kaza yana “kashe garanti”, a mafi yawan lokuta ba daidai ba ce a dokar Amurka. Da'awa ɗaya ake ƙi, a kan ɓarna ɗaya, sauran alkawarin ya ci gaba. Kashe shi ɗungurungum yakan faru ne a wasu 'yan halaye, kamar motar da inshora ta yanke cewa ta tashi daga aiki, ko wadda aka murɗe wa maleji.

Adalcin wannan tsari a bayyane yake, kuma ya cancanci yabo, don ya raba nauyi inda ya dace: kuskuren masana'anta a kan masana'anta, kuskuren mai mota a kan mai mota. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A takarda kamfani ne zai kawo hujja, amma a gareji motar tana kan jak, dillali ya ce ba za a biya ba, mai ita kuma yana buƙatarta gobe da safe. Kafin a kai ga inda za a tambayi kamfani hujjarsa, sai mai mota ya rubuta ƙorafi, ya bi sulhu, wataƙila ya ɗauki injiniyan da zai binciki ƙarfen, ya shigar da ƙara. Mutane da yawa biya suke yi su wuce. Dillalin ma yana da nasa tsoron: kamfani ne ke biyan sa aikin garanti, yana kuma iya bin takardunsa ya ƙwace kuɗin idan ya gano an biya abin da bai kamata ba. Wannan ne ya sa shawarar da ƙungiyoyin masu mota suka daɗe suna bayarwa ba ta sauya ba, wato a ajiye rasit na kowane juye da kowane ƙarfe, a kuma nemi dillali ya rubuta dalilin ƙin biya.

Wata dokar kuma ta shigo ta gefe, ta hayaƙi. Dokar Tsabtar Iska ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni ba da garanti na musamman a kan kayan rage hayaƙi, wanda shi ba na ganin dama ba ne. Bayan gyaran da aka yi mata a 1990, daga motocin 1995 wa'adin ya zama shekara 2 ko mil 24,000 ga yawancin kayan, da shekara 8 ko mil 80,000 ga manyansu, wato kwamfutar inji da tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. Dokar ta kuma haramta cire waɗannan kaya ko kashe aikinsu, kuma gyaran 1990 ya faɗaɗa haramcin har kan mai motar kansa. A Kalifoniya hukumar kula da iska ta jihar tana gwada kayan ƙara ƙarfi, wanda ya ci jarrabawa ta ba shi lamba, a sa shi a titi ba laifi. Ta haka kayan kasuwa suka rabu uku a idon doka: na maye gurbi, na ƙari mai lasisi, da wanda aka ce na filin tsere ne kawai.

Kamfanonin motoci da suka ga ba za su iya kashe kasuwar ba, sai suka shige ta. Chrysler yana da Mopar, Toyota yana da TRD, Ford da General Motors kowa da sashen kayan ƙarinsa. Kayan da aka saya daga nan, musamman idan dillali ne ya ɗaura, yawanci ba sa taɓa garantin mota, wasu ma suna zuwa da nasu. Tsada suke yi fiye da na kasuwa, kuma rabin abin da mai saye ke biya kwanciyar hankali ce.

Zuwan kwamfuta ya sake dagula lissafin. Tun daga shekarun 1980 kwamfuta ce ke auna mai da iska da lokacin tartsatsin fulogi, kuma daga 1996 doka ta sa kowace mota da ake sayarwa a Amurka ta zo da kafar bincike iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD-II. Ta wannan kafa ake iya sake rubuta umarnin kwamfutar. A injin da ke da turbo, wannan kaɗai kan ƙara ƙarfi sosai ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Masu yi sun daɗe suna zaton za su maida umarnin asali kafin su je gareji, ba wanda zai sani. Amma kwamfutocin yanzu suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta su, suna ajiye tarihin matsin iska da zafi da juyin inji. Na'urar binciken dillalan Volkswagen da Audi, alal misali, tana kwatanta umarnin da ke cikin mota da na masana'anta, in sun saɓa ta liƙa wa lambar motar wata alama da ake kira TD1, wadda ke biye da ita duk garejin kamfanin da ta shiga. Hujjar da dokar 1975 ta ce kamfani ya kawo, yanzu motar ce da kanta ke miƙa masa. Kuma hujja ce mai ƙarfi, domin ƙara wa inji ƙarfi yana taɓa fistin da kuloci da giya duka, ba ƙarfe ɗaya ba.

Har ikon buɗe kwamfutar ma sai da aka yi jayayya a kansa, saboda dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta haramta karya makullin manhaja. A 2015 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, wanda ke da ikon keɓe wasu abubuwa daga wannan haramci, ya halatta wa mai mota buɗe manhajar motarsa don bincike da gyara da sauyin da bai saɓa wa doka ba. Masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts kuma sun amince da dokar 'yancin gyara a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni sayar wa kanikawa masu zaman kansu bayanai da na'urorin da dillalai ke amfani da su, suka faɗaɗa ta a 2020 ta haɗa da bayanan da mota ke aikawa ta iska. Halaccin buɗewa dai bai zama alkawarin biya ba.

FTC ta yi shekaru ba ta cika motsawa a kan sashe na 102(c) ba, sai a baya-bayan nan. A 2015 ta tuhumi BMW da cewa sashensa na MINI yana gaya wa masu mota sai a garejinsa kuma da kayansa za su yi gyara, aka sasanta kamfanin ya daina. A 2018 ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi, har da Hyundai. A 2021 ta miƙa wa majalisa rahoto a kan hanyoyin da ake tauye 'yancin gyara. Labarin Harley-Davidson, mai ƙera manyan babura, shi ya fi nuna yadda iyakar take da siriri. A 2016 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 ga gwamnati saboda ya sayar da na'urori kusan 340,000 na sake saita inji da ke ƙara hayaƙi, kuma cikin sharuɗɗan sasantawar har da ƙin biyan garantin inji ga babur da aka saita da na'urar da ba ta da lasisi. Shekara shida bayan haka, a 2022, FTC ta tuhume shi da rubuta cewa amfani da kayan wani kamfani ko garejin da ba nasa ba yana iya soke garanti. Hukuma ɗaya ta ce dole ya ƙi biya a wani hali, wata ta ce ya wuce gona da iri a wani halin, kuma babu saɓani tsakaninsu: na farko sauyi ne da ya karya dokar hayaƙi ya kuma taɓa inji, na biyu kuwa hana mutum zaɓin inda zai sayi kaya ne.

Turai ta isa kusan wuri ɗaya ta wata hanyar, ta dokar gasar kasuwanci. Ƙa'idojin Tarayyar Turai na 2002 da na 2010 a kan cinikin motoci sun kare kanikawa masu zaman kansu, kuma Hukumar Tarayyar ta bayyana cewa ɗaura garanti a kan sai an yi sabis a garejin dillali yana iya saɓa wa doka. A 2012 wata kotun kasuwanci a Suwidin ta yanke haka a kan garantin shekara bakwai na Kia. A Jamus kuma akwai ƙarin mataki: sauyin da ya taɓa lafiyar tafiya ko hayaƙi ko ƙara yana iya soke izinin motar na hawa titi, sai kayan suna da takardar amincewa ko masu duba motoci irin su TÜV sun gwada sun shigar da shi a takardunta.

A Najeriya da Nijar mafi yawan motocin da ke kan titi na hannu ne, waɗanda suka shigo ta Kwatano ko Legas, da yawansu daga Amurka. Wa'adin garantinsu ya ƙare tun kafin su hau jirgi, wanda bai ƙare ba ma yawanci an taƙaita shi ga ƙasar da aka fara sayar da motar. Shi ya sa cire indomi ko cire abin da ke daidaita zafin ruwa bai taɓa zama maganar garanti a garejin Kano ko Maraɗi ba. Inda maganar take da rai shi ne sababbin motoci da babura da Keke Napep da ake saye daga wakilan kamfani, da motocin ma'aikatu da na kamfanonin sufuri. Dokar Magnuson-Moss ba ta aiki a nan. Abin da ke aiki shi ne sharuɗɗan da ke cikin littafin garantin, tare da dokar Najeriya ta gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wani sauyi da ya yaɗu shi ne maida mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa. Aiki ne da ke taɓa hanyar mai da wayoyi da saitin inji, ya kuma ƙara nauyin tukunya a bayan mota. A motar da wa'adinta bai ƙare ba, matsayin garantin inji bayan wannan aiki ya danganta ne da abin da littafin ya ce, da kuma ko wakilin kamfanin ya amince a rubuce da kayan da wurin da aka ɗaura su.